Giyar da Hannun Labbo Kaɗai Ya Sani

Kullum da safe, kafin Labbo ya tayar da mota, sai ya ciro goro guda daga aljihun gaba ya ɓare shi biyu. Ɓari ɗaya ya jefa a baki, ɗayan ya ajiye a gaban mota, daidai inda mai zama kusa da direba zai miƙa hannu ya ɗauka. Ba ya cewa ga goro. In an samu fasinjan gaba ya gani ya ɗauka, to madalla. In kuwa buhunan albasa kaɗai ya ɗauko, ɓarin yakan yini a wurin yana bushewa, har a je Argungu a dawo Birnin Kebbi da la'asar, sannan ya cinye abinsa yana zaune a bakin ƙofa.

Labbo mutumin Zauro ne, ɗan manoman shinkafa, amma fadama ba ta karɓe shi ba. Tun yana saurayi ya bi motoci, ya koyi tuƙi, ya koyi kwanciya a ƙarƙashinsu. Ya yi aure sau ɗaya. Matar, Asiya, ta rasu a haihuwar fari, ita da abin da ta haifa. Aka yi ta ba shi baki ya sake, yana cewa to, yana cewa to, har masu ba da bakin suka tsufa suka daina.

Zamanin da ake magana, Birnin Kebbi tana ƙarƙashin jihar Sakkwato, komai sai an je can, daga lasin har kayan gyaran mota. A lokacin ne Alhaji Sahabi, wani ɗan kasuwar albasa da shinkafa mai gida a Badariya, ya sayi Fijo a-kori-kura fara, ya miƙa wa Labbo makulli. Ya kuma ba shi shagon da ke jikin zauren gidansa ya zauna. Ba su yi maganar albashi ba. Irin zaman da ne: in Salla ta zo akwai riga, in ciwo ya zo akwai magani, kuma kowace yamma akwai akushi.

Akushin nan daga hannun Hajiya Hajaratu yake fitowa, matar Alhaji, 'yar masuntan Argungu. Bayan magariba takan kawo shi ta ajiye a kan dakalin zaure na ciki, ta ƙwanƙwasa murfin da zoben hannunta, ta koma. Shi kuma daga nasa gefen sai ya ce, “Allah shi saka, Hajiya.” In ya gama ya wanke ya mayar inda ya ɗauka. Shekara da shekaru ke nan, da ƙyar in ya taɓa yi wa fuskarta kallo mai kyau, amma ya san labarin gidan daga miya. In ya ji busasshen kifi ya yi yawa, 'yan'uwanta sun zo. In gishiri ya zarce, wani yaro ba shi da lafiya a ciki.

To, motar ta yi aiki. Ta ɗauki albasa da shinkafa da kifi a hanyar Argungu har fentin bayanta ya koma kalar buhu. Injinta bai taɓa ba shi kunya ba. Giyarta ce ta fara tsufa. Irin waɗannan Fijo, sandar giyarsu a jikin sitiyari take, ba a ƙasa ba. Daga sandar akwai ƙarafa da suka bi ta bayan inji suka sauka zuwa akwatin giya, kuma a kowace gaɓa akwai 'yar roba da makanikai ke kira bushi, ita ke riƙe ƙarfen kada ya yi yawo. Yau da gobe robobin suka cinye. Sandar ta yi lako-lako, ka taɓa ta da yatsa ta yi lilo kamar reshen da ya karye bai faɗi ba.

Labbo bai damu ba, don lalacewar a hannunsa ta girma. Ya san cewa kafin lamba ɗaya ta shiga sai an ɗan ɗaga sandar sama, a jawo ta, a saurara kamar mai jiran amsar sallama, sannan a danna. Ya san lamba biyu ba ta inda kamfani ya ajiye ta, ta ƙaura can gefe. Yana yin wannan duka ba tare da ya duba ba, yana kallon hanya.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ga kaya suna jiran kasuwar Argungu. Alhaji ya aika aka kira Tamba, wani direban haya, magidanci mai ƙiba da yawan magana. Tamba ya shiga ya gyara zama, ya taka kuloci, ya jawo sanda yana neman lamba ɗaya. Mota ta yi baya ta ture bencin mai shayin bakin titi, kofuna suka watse. Ya fito yana share gumi.

“Alhaji, wagga ba giya ba ce, muciya ce cikin talge! Ka jawo ta nan ta nuhi Jega, ka tura ta can ta nuhi Kamba. Wallahi ko aljani sai ya yi istihara kahin shi taɓa ta.”

Daga cikin shago, a ƙarƙashin bargo, aka ji muryar Labbo: “Ta san mai gaishe ta, ta san mai hwaɗa mata.”

Kayan suka kwana har Labbo ya tashi. Tun daga ranar maganar ta bazu a tasha cewa motar Alhaji Sahabi miji ɗaya gare ta.

Abin da kowa a tashar ya sani, amma ba mai faɗa, shi ne Labbo ya iya gyaran nan fiye da kowa. Ran Juma'a bayan masallaci yakan zauna a gindin darbejiyar tasha da gefen tsohuwar tayar babbar mota da wuƙar baduku, ya yanko roba daidai ramin, ya huda ta da ƙusa mai zafi, ya shafa giris, ya ɗora washa, ya soka fin, ɗan siririn ƙarfen da ke kulle gaɓar. Ya yi wa direbobi da yawa haka, ko goro ba ya karɓa. Tasa ce kaɗai bai taɓa ba. Muddin giyar tana lako-lako, ba mai iya tuƙa motar sai shi. Muddin kuwa motar tana hannunsa, shagon nasa ne, kuma bayan magariba za a ƙwanƙwasa murfin akushi. Mutumin da ba shi da ɗa ba shi da jika, in ya fara jin nauyin gwiwa, yakan yi irin wannan lissafi ko bai yi niyya ba.

Kowace shekara in an gama kwasar albasa, Alhaji yakan tsaya a jikin motar ya ce, “Labbo, giyar nan hwa?”

“Kaya babu, Alhaji. Sai Sakkwato.”

“To, sai an samu.”

Alhaji yana zuwa Sakkwato kusan kowane wata. Bai taɓa samowa ba.

A wata bazara Alhaji Sahabi ya yi 'yar jinya ya rasu. Da aka raba gado motar ta faɗa rabon babban ɗansa Usmanu, wanda kowa ke kira Shehu kamar yadda ake yi wa mai wannan suna a ƙasar nan. Shehu mutum ne mai ladabi, shi ma ɗan kasuwar albasa, kuma a kafaɗar Labbo ya fara ganin kogin Argungu yana ƙarami. Sai dai wata yamma da suka dawo tare, ya ga abin da ya tsorata shi. Jaki yana tsaye a tsakiyar titi wajen Zauro, Labbo bai taka birki ba sai da Shehu ya yi ihu. Ashe farar yana ce ta fara rufe idon tsohon.

Bayan sadakar arba'in Shehu ya zo ya durƙusa a bakin shago. Suka gaisa, suka sake gaisawa, suka tambayi gajiya da zafi da kasuwa. Sannan ya ce, “Baba, ina son a gyara giyar nan. Don ran da kag gaji, Tamba shi kama maka.”

“Na ce maka na gaji?”

“Ba ka ce ba, Baba.”

“To. Kaya ne babu. Sai Sakkwato.”

Shehu ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙunshi, ya buɗe a kan tabarma. Bushi ne sababbi, baƙaƙe, suna warin kanti. Labbo ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannu, ya matsa ta da babban yatsa, ya daɗe yana juyawa.

“Shehu,” ya ce, “ba a buɗe cikin motar mamaci matarsa na cikin takaba.”

Ba malamin da ya taɓa faɗin wannan, kuma Shehu bai taɓa jin sa ba. Amma ba ya cikin tarbiyyarsa ya ce wa wanda ya goya shi, a wane littafi ka gani. Ya ce, “Gaskiya ne, Baba, sai ta hita.” Ya bar ƙunshin a nan ya tashi.

Haka Labbo ya sayi 'yan watanni. Ya rage tafiyar yamma, ya riƙa fita da wuri don ya dawo da sauran rana. Akushi bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, sai dai yanzu ba a ƙwanƙwasa murfin da zobe, don mai takaba ba ta sa zobe. Da gaɓar yatsa ake yi, ƙarar tana fita a hankali. Yakan zauna ya kasa kunne tun kafin a idar da salla a masallacin unguwa.

Damina ta yi nisa lokacin da Hajiya ta fita takaba. Ba a jima ba magana ta fito daga cikin gida cewa za ta koma Argungu, gidan yayanta Dankure. 'Ya'yanta sun girma, gidan ya koma na Shehu da iyalinsa, ita kuma tana son ta ƙarasa kwanakinta inda take jin ƙarar kwale-kwale. Labbo ne zai kai ta.

Aka ɗora gado da tukwane da adaka a baya, aka rufe da tamfol. Ƙanwarta Baiwa, wadda ta zo tafiya da ita, ta zauna a tsakiya, Hajiya a bakin taga da mayafi har goshi. Baiwa mace ce da ba ta iya shiru ba. Kafin su fita Badariya ta cinye ɓarin goron, ta kuma tambaye shi ko wannan sandar rawa take koyo.

Fadamar Zauro ta yi kore shar, ruwa yana ƙyalli a tsakanin shinkafa. Labbo bai juya ya dubi garinsu ba. Bayan sun wuce Ambursa suka isa wani wuri da ruwa ya cinye kwalta, motoci suna ratsewa ta cikin yashi. Ya taka kuloci zai sauko lamba biyu. Ya ɗaga sandar, ya kai ta inda ya saba, bai samu kowa ba. Ya sake, babu. Sandar ta zube a hannunsa kamar hannun mai barci. Mota ta gangara ta tsaya.

Matan suka sauka suka koma inuwar wata ɗorawa a bakin hanya. Labbo ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota da tsinken waya da yankin tsohon tub na taya. Ƙarfen ne ya zame daga gaɓarsa gaba ɗaya, don babu sauran robar da za ta riƙe shi. Baiwa ta ɗauki buta ta nufi bayan wasu kalgo. Yana cikin laluben ramin sai ya ga ƙafafu biyu cikin silifa sun matso sun tsaya kusa da tayar gaba.

“Malam Labbo.”

“Na'am, Hajiya.”

“Abin ya yi tsanani?”

“A'a, ƙarhen ne yaz zame. Yanzu in ɗaure shi.”

Sannan ta ce, “Marigayi yakan ce, in Labbo ya so, kahin a sauke tukunya ya gyara ta.”

Hannunsa ya tsaya a kan wayar. Wani ɗigon baƙin mai ya sauko masa a kumatu, bai share ba.

“Shi yac ce haka?”

“Awo. Ya sha ganinka gindin darbejiyar tasha kana yanka ma wasu roba. Na ce mishi, to mi ya hana ka yi magana? Yac ce a ƙyale shi, kowa da goran da yake riƙe da shi kada ruwa shi tahi da shi.”

Labbo ya ci gaba da naɗa robar tub a jikin ƙarfen, yana ja, yana naɗawa, fiye da yadda aikin yake bukata.

“Ni dai na sauka daga murhun gidan can,” in ji ta. “Matar yaron nan tana da kirki, amma ɗiya sun yi mata yawa.” Ba ta kiran sunan Shehu, don ɗan farinta ne. “Yaya Dankure ya sayi injin ban-ruwa saboda albasa, kullum cikin lalacewa yake, ba mai hannun da zai lallashe shi. Akwai ɗaki bakin zaure, ba kowa ciki sai tsohuwar komar kamun kihi. Hannuna kuma ya saba da awon da ya saba. In na rage, tuwon ba ya yin daidai.”

Kafin ya san abin da zai ce, sai ga muryar Baiwa tana tahowa: “Iye! Ga bazawara, ga gwauro, ga inuwa. Mi ya rage in ba waliyyi ba? Ku gaya min da wuri in hwara daka.”

“Baiwa, ki ji tsoron Allah,” in ji Hajiya. “Jiya-jiya na wanke takaba.”

“To ai shi ya sa na ce da wuri. Malam Labbo, ka mutu ne can ƙasa?”

“Ina nan da raina,” ya ce. A ransa ya gode wa Allah da ya sa ƙarfe tsakanin fuskarsa da tasu.

Ɗaurin ya kai su Argungu. Dankure, dattijo mai faɗin ƙirji irin na masu jan koma, ya tarbe su, aka sauke kaya. Ba tare da wani dogon bayani ba ya ja Labbo ya nuna masa injin ban-ruwan a rumfa, sannan ya tura ƙofar ɗakin bakin zaure. Ɗaki ne mai sanyi, tagarsa tana kallon hanyar kogi. Labbo ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

“Ka ga wuri,” in ji Dankure.

“Na gani. Allah shi saka da alheri.” Ya dubi ƙasa. “Sai dai in gyara ma Shehu giyarsa tukuna. Ba ni barin motar maigida hakanan a hannun wani.”

“Magana ta yi. Ran da kag gama, ɗakinka na nan.”

Aka kawo masa tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a zaure. Ya ci, ya wanke kwanon da kansa, ya juya Birnin Kebbi shi kaɗai, bayan motar yana ƙara saboda babu kaya.

Washegari ya tura motar gindin bangon gida inda inuwa ke daɗewa, ya buɗe bonet, ya fito da ƙunshin Shehu. Makwabta suka yi mamaki. Ya kwance ɗaurin waya da tub, ya zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke su da kananzir a cikin tsohon kwano har suka yi haske. Gaɓoɓi uku ne. Biyun ƙasa ba su ba shi wuya ba, bushin kanti suka zauna daram, ya ɗora washa ya ɗaure noti, duk da lalube. Na ukun da aka sayo bai yi daidai ba, na wata motar ne. Wannan ma bai dame shi ba. Ya samo gefen taya ya wasa wuƙa, ya yanko nasa, ya huda, ya goge shi a jikin dutse har ya yi sumul. Da ya gwada shi a ramin ya shiga da ɗan ƙarfi, yadda ake so.

Gaɓar ta uku a sama take, a matse tsakanin bayan inji da jikin mota, inda hannu ɗaya kaɗai ke shiga. Ba noti ke riƙe ta ba, wani ɗan siririn fin ne da ake sokawa ta hudar ƙarfen. Hudar kuwa ba ta bayyana sai wani ya zauna a kujerar direba ya riƙe sandar giya a tsakiya cak, ya ɗan danna ta, yayin da mai gyara ke soka fin daga waje. Duk waɗanda ya yi wa gyaran nan a tasha, masu motar ne suka riƙe masa. Bai taɓa lura cewa aikin na mutum biyu ba ne sai ranar.

Ya ɗaure sandar da igiya a jikin sitiyari, ya zagaya, ya zura hannu. Hudar ta kauce da kamar faɗin ƙwayar gero. Ya koma ya ƙara ɗaurewa, ya tokare da itace, ya zagayo. Da ido mai kyau da ya hango inda ta karkata. Shi kuwa abin da yake gani a wurin duhu ne da wani farin hayaƙi. Fin ɗin ya suɓuce ya faɗa cikin yashi. Ya durƙusa ya yi ta tankaɗe yashin da yatsu har ya same shi. Daga nan ya riƙa shimfiɗa buhu a ƙasa kafin ya fara.

Abinci yana zuwa daga wurin matar Shehu, a kwanon sha, wani lokaci da wuri, wani lokaci sai ya yi sanyi. Ba a ƙwanƙwasa komai. In ya leƙa ya gani ya ɗauka.

Wata rana Tamba ya tsaya da motarsa a bakin titi ya taho yana gyara wando.

“Tsoho, an ce ka hwarka cikin amaryarka ka kasa ɗinkewa.”

“Waɗanda sunka ce, su zo su ɗinke.”

“Kai dai ba ka canzawa. Fin ne ko? Kawo in riƙe maka sandar, yanzu mu gama.” Har ya kama marfin ƙofa.

Labbo ya dubi kujerar. Ta lotsa daidai jikinsa, gefen dama ya fi nutsewa saboda yadda yake jingina in hanya ta miƙe.

“Sake ƙohwar nan,” ya ce. “In na gama ka zauna har ka gaji.”

Tamba ya saki, ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. “To, Allah shi ba da sa'a. Af, na ga Baiwa kasuwar Argungu. Ta ce in gaya maka tuwo na hucewa.”

“Ce mata saura fin ɗaya.”

Shehu yana iya kiran bakanike daga tasha a gama kafin azahar, matarsa ma ta faɗa masa haka. Ya ce, “Baba ya sa hannu, wa zai ɗora nasa bisa?” Ya riƙa ba Tamba hayar kayansa. Kowace safiya in zai fita yakan tsaya ya ce, “Baba, ya aiki?” Labbo ya ce, “Saura kaɗan.” Shehu bai ce in riƙe maka ba, don kada ya zama ya ce tsohon ya kasa. Labbo bai ce zo ka riƙe min ba, don in yaron ya zauna a ciki zai ga hannun yana lalube inda ya kamata ido ya yi aiki.

Masu zama a bencin mai shayi sun yi ta maganar. Wasu suka ce ido ne kawai. Wasu suka ce mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana cewa Hajiya daga bayan bango, da wane suna zai zauna a zauren yayanta? Wani dattijo ya ce in fin ɗin ya shiga, dole mutum ya tashi ya tafi wani wuri, kuma ba kowa ne ya iya tashi ba. Labbo yana jin su daga inda yake, kansa a cikin bonet.

Saƙon Baiwa ya sake zuwa da kaka, ya ba da amsar da ya bayar. Daga nan bai sake zuwa ba. An ce a Argungu an yi ta share ɗakin bakin zaure har lokacin tonon albasa. Da albasar ta yi yawa aka rasa wurin zubawa, sai Dankure ya ce a zuba a ciki kafin mai shi ya zo.

Zuwa lokacin Labbo ba ya gane mutum sai ya yi magana. Labari ya kai Zauro, ɗan wansa Kalilu, magidanci mai furfura a gemu, ya zo ya ce ba za su bar ubansu a shagon mutane yana laluben buta ba. Shehu ya roƙa a bar shi, Kalilu ya ce jini ya fi. Labbo bai yi gardama ba. Ya naɗe tabarmarsa da bargonsa da rigunan Salla na shekaru. Kafin su tafi ya bi bango da hannu har ya kai ga motar, ya taɓa tayoyin ya ji sun fara saki, ya sa aka ƙara dutse a bayan ta baya. Ya sauke bonet a hankali bai bari ya yi ƙara ba.

“Shehu.”

“Na'am, Baba.”

“Kada kowa shi taɓa. In idon ya washe ina dawowa. Ba wani aiki ba ne.”

“To, Baba.”

Ya rayu 'yan shekaru a Zauro, a ɗakin da ke kallon fadamar da ya gudu ya bari. Idon bai washe ba. Shehu kuma bai karya maganar ba. Motar ta zauna a gindin bangon Badariya, tayoyinta suka nutse cikin ƙasa, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Wanda ya leƙa ta gilashi zai ga sandar giya ɗaure da igiya a jikin sitiyari, an tokare ta da itace. A kan kujera akwai gwangwanin madara, a cikinsa fin ɗaya da aka shafa wa giris don kada ya yi tsatsa.